Yadda na gyara kuskuren maƙwabtan amino asid a furotin

Kwana uku ina fama da manhajar da na rubuta don auna kusurwoyin phi da psi, wato kusurwoyin murɗawar sarƙar furotin a kowane amino asid, domin wasu ɗigogi suna faɗawa inda bai dace ba a taswirar Ramachandran, wadda ke nuna phi da psi na kowane amino asid a matsayin ɗigo ɗaya. Na fara zargin lissafina, sannan rashin haidurojin a fayil ɗin PDB mai ɗauke da tsarin furotin ɗin, amma duk ba nan gizo ke saƙar ba. Da na karanta sashen REMARK 465 na fayil ɗin PDB, wanda ke jera amino asid ɗin da ba a gano matsayinsu ba, sai na ga amino asid shida sun ɓace, manhajar kuwa tana ɗaukar na 84 da na 91 a matsayin maƙwabta. Tazarar C (kabon) da N (naiturojin) a haɗin peftayid, wanda ke haɗa amino asid biyu maƙwabta, kusan 1.33 Å (angstrom, ma'aunin tsayi a matakin atom) ce, saboda haka na sa sharaɗin a yanke sarƙar duk inda ta wuce 2 Å. Alhamdulillahi, ɗigogin sun koma mazauninsu.