Yadda Ake Lallaɓa Jijiyar Ƙafa Ciwo Ya Lafa

Ɗan kabu-kabu ko tela da ke wuni zaune a Maradi ya san ciwon nan da ke tasowa daga ƙugu ya bi bayan cinya. Jijiyar laka ce, kuma a hankali ake koya mata motsi.

Zauna bakin benci. Miƙe gwiwa kana ɗaga kai sama, sannan lanƙwasa ta kana sunkuyar da haɓa. Sau 10, safe da yamma, ba tare da riƙe numfashi ba. Kada ka tsaya da ƙafar a miƙe, nan ake kuskure: jijiya ba ta jure ja, sai zogi ya ƙaru da dare. In ya ƙaru, koma sau 5.

In ƙafa ta saki, ko fitsari ya ƙwace maka, tafi asibiti nan take.