Yadda ake ziyartar Sagrada Família daga Accra: cocin da aka fi shekara 140 ana ginawa

A Basalona ta ƙasar Sifaniya akwai cocin da aka aza harsashinta ranar 19 ga Maris, 1882, kuma har yau magina ba su tattara kayan aikinsu ba. Mutanenmu da ke zuwa birnin, ko don kasuwanci ko ziyarar 'yan'uwa ko kallon ƙwallo, yawanci sukan tsaya a bakin titi su ɗauki hoto su wuce. Wannan asara ce, domin gwanintar ginin a ciki take. Shiga kuwa sai da shiri, kuma shirin daga gida yake farawa.

Takardu da tikiti tun daga Ghana

Fasfon Ghana yana buƙatar bizar Shengen. Ana iya shigar da takardu tun watanni 6 kafin tafiya, kuma kada ka bari sai saura ƙasa da kwana 15. Za a nemi inshorar lafiya da ta kai Yuro 30,000, da fasfon da zai ƙara aƙalla wata 3 bayan ranar dawowarka. A Accra ake wannan aikin, don haka mutumin Kumasi ya ware masa rana. Jirgi kuma sai an sauya a hanya, misali a Kasabalanka ko Lisbon ko Istanbul.

Idan biza ta fito, sayi tikitin shiga cocin kafin ka bar gida. A intanet ake sayarwa, a shafin cocin na asali, kuma kowane tikiti yana da ranarsa da sa'arsa. Kuɗin ya haura Yuro 25, na hawa hasumiya ya fi haka. Abu uku ke ɓata wa mutane lissafi a nan. MoMo ba ya aiki, sai katin Visa ko Mastercard, kuma wasu bankunan sai ka sa sun buɗe maka sayayya daga ƙasar waje, in ba haka ba katin zai ƙi. Shafukan 'yan kayi-na-yi ne ke fara fitowa idan ka bincika, suna ɗora riba a kan tikitin. Sannan agogo: Basalona tana gaban Accra da awa 1 a lokacin sanyi, awa 2 a lokacin zafi. Wanda agogonsa ya tsaya a kan lokacin Ghana zai iso bayan sa'arsa ta wuce. A watannin Yuni zuwa Agusta tikiti kan ƙare kwanaki da yawa kafin ranar, saboda haka ka saya da wuri.

Wace sa'a za ka zaɓa

Wannan ya fi komai muhimmanci. Gilasan tagogin ɓangaren gabas shuɗi ne da kore, na yamma ja da ruwan goro da rawaya, aikin mai zane Joan Vila-Grau. Da safe rana tana shigowa ta gabas, cikin ginin ya yi sanyin launi. Da la'asar sakaliya kuwa hasken yamma yana zubowa a kan ginshiƙai da ƙasa har fararen kayan mutane su rine. Idan sau ɗaya za ka shiga, ɗauki na yamma, kimanin awa 2 kafin faɗuwar rana. Ka yi Azahar kafin ka fito, domin babu wurin salla a can; masallatai da gidajen abincin halal suna unguwar Raval.

Jirgin ƙarƙashin ƙasa layin L2 da L5 duk suna tsayawa a tashar Sagrada Família. Daga filin jirgi, hau L9 Sud ka sauka a Collblanc ka kama L5. Mayar da jakarka gaba, 'yan sane sun san baƙon da ya ɗaga kai sama yana kallo.

Fara daga waje, ta titin Marina

Ka iso da minti 30 a hannu. Tsallaka zuwa lambun Plaça de Gaudí, daga bayan tafkin ne ake ganin ginin gaba ɗaya. Fuskar da ke gabanka ita ce ta Haihuwa, wadda ke nuna haihuwar Annabi Isa kamar yadda Kiristoci ke ba da labarin. Ita ce aikin da mai tsara ginin, Antoni Gaudí, ya tsaya a kansa da kansa. Ya karɓi ginin a 1883 daga hannun Francisco de Paula del Villar, yana ɗan shekara 31, ya riƙe shi har Yunin 1926 lokacin da taragon kan titi ya buge shi ya rasu. Hasumiya ɗaya tak ya ga kammaluwarta. Kabarinsa yana ɗakin ƙasa na cocin.

Matso kusa ka dubi gindin ginshiƙai biyu da ke raba ƙofofin. Kowanne yana zaune a kan bayan kunkuru: na ɓangaren teku kunkurun ruwa ne mai faffaɗan ƙafafu, na ɓangaren tsauni kunkurun tudu. Ka kuma lura da launin dutse. Mai duhu tsohon aiki ne, mai haske sabo.

A ƙofa za a bincika jaka kamar a filin jirgi. Ana son sutura mai rufe kafaɗa, ba mai nuna jiki ba. Ana cire hula a ciki, amma an keɓe rufe kai na addini, don haka hijabi ba matsala. Taho da abin sa wa kunne, domin bayanin ginin a manhajar waya yake.

Ciki: tsaya a tsakiya ka ɗaga kai

Duk wanda ya taɓa zuba dekin a Nima ko Aboabo ya san nauyin sama sai ya sami hanyar sauka ƙasa. Tsofaffin cocin Turai suna tokare bangonsu daga waje. Gaudí bai so wannan ba. Sai ya sa ginshiƙai su rabu zuwa rassa a sama kamar itace, kowane reshe ya karkata ya tari nauyi daidai inda yake faɗowa. Shi ya sa bango ya samu sauƙi har aka cika shi da gilashi. Rufin babban zauren yana da tsayin mita 45, na mahaɗar tsakiya mita 60.

Bi ginshiƙi ɗaya da ido daga ƙasa. A gindi yana da 'yan kusurwoyi, yana hawa suna ninkuwa har ya kusa zama da'ira. Dutsen ma ba iri ɗaya ba ne. Inda nauyi bai da yawa an sa dutsen yashi, sai giranit, sai baƙin dutsen aman wuta, sannan manyan ginshiƙai 4 na tsakiya jan dutse ne mai tsananin ƙarfi, domin su ke ɗauke da babbar hasumiya.

Hasumiyoyi 18 aka tsara: 12 na manzannin Isa, 4 na marubutan Linjila, ta Maryam mai mita 138 wadda aka kunna tauraronta a Disambar 2021, da ta Isa mai mita 172.5. Gaudí ya bar ta ƙasa da tsaunin Montjuïc da gangan, don kada aikin mutum ya ɗara halittar Allah. Idan ka sayi tikitin hasumiya, lif ne zai kai ka, amma sauka da ƙafa ne ta wata matsattsiyar matakala mai murɗewa. Mai ciwon gwiwa ko jiri ya haƙura. Ba a barin yara 'yan ƙasa da shekara 6, kuma ana rufewa idan iska ko ruwa ya yi ƙarfi.

Fita ta titin Sardenya

Fuskar Shan Wahala, wadda ke nuna wahalar da Isa ya sha kamar yadda Kiristoci ke ba da labarin, ta sha bamban da ta farko: gumaka masu kaifin kusurwa, babu ado, aikin Josep Maria Subirachs tun daga 1987. Nemi allon lambobi 16 da ke jikin bango. Kowane layi ka haɗa 33 zai ba ka.

Kada ka tsallake gidan tarihin da ke ƙasa. A can za ka ga samfurin igiyoyi da aka rataya wa 'yan buhunan nauyi. Da irinsa Gaudí yake gano lanƙwasar da bakan gini, wato lanƙwasasshen madaukin rufi, zai yi: idan aka kifa siffar igiyar da ke rataye, sai ta zama baka mai tsayawa da ƙafarsa. A can kuma za ka fahimci dalilin jinkiri. Da gudummawar jama'a da kuɗin tikiti ake ginin, kuma a 1936, farkon yaƙin basasar Sifaniya, an ƙona ɗakin aikin Gaudí, zane-zane suka tafi, aka farfasa samfuran filasta. Daga ɓaraguzan da aka harhaɗa magina na baya suka ci gaba. Fafaroma Benedict na 16 ya keɓe ginin don ibada a Nuwambar 2010, lasisin gini na hukuma kuwa sai 2019 aka same shi.

Daga ƙarshe zagaya titin Mallorca ka ga fuskar Ɗaukaka, wadda za ta zama babbar ƙofa. A nan aikin da ya rage ya fi yawa. Tsarin ya haɗa da wata babbar matakala da za ta ƙetare titi, alhali akwai gidajen mutane a wurin. Ware awa 2 ga ziyarar gaba ɗaya, awa 3 idan da hasumiya.