Yadda Ake Gane Hagfish da Sanya Shi a Rukuninsa

Ɗalibai da yawa, da sun ga doguwar halitta mai santsi a kan tire, sai su rubuta "lamprey" su wuce. Kada ka yi gaggawa, domin hagfish da lamprey halittun ruwa ne daban, ko da yake dukansu dogaye ne marasa muƙamuƙi. Shi kansa Linnaeus, masanin da ya tsara rukunan halittu, a 1758 cikin tsutsotsi ya jera Myxine glutinosa, wani nau'in hagfish.

Fara da kai. Hagfish ba shi da muƙamuƙi, hancinsa ƙofa ɗaya ce, kuma akwai 'yan gashin baki na tsoka kewaye da ita da bakin. Idanunsa ɗigo ne kawai a ƙarƙashin fata. In ka ga manyan idanu da baki zagayayye mai tsotsa, lamprey ne, ajiye shi gefe.

Sai ƙirga ƙofofin numfashi, kuma a nan ake faɗuwa. Akwai layin ƙananan ramuka a kowane gefen jiki, daga kusa da kai har wutsiya. Waɗannan na yauƙi ne, ba na numfashi ba, amma sau da yawa na ga an haɗa su an ƙirga. Na numfashi sun fi girma, kuma a gaban jiki suke. Ni dokata ita ce a ƙirga ta dama kullum, domin a hagu akwai wata ƙofa ta daban da ke fitar da ruwa daga maƙogwaro, wadda ke ɓata lissafi. Ƙofa ɗaya a kowane gefe tana nuna hagfish na jinsin Myxine ko danginsa na kusa. Biyar zuwa sama, galibi jinsin Eptatretus ne. Lamprey bakwai ne da shi.

In mai rai ne, sa tsumma busasshe ka goge yauƙin, don ruwa ƙara kumbura shi yake yi. Wanda aka adana a magani ya fi sauƙin samu da arha, kuma ya isa wannan aikin.

Daga nan rubuta: aji Myxini, iyali Myxinidae, mai nau'i wajen 80, duk a teku. Yana da ƙoƙon kai na guringuntsi amma ba cikakken ƙashin baya, shi ya sa tsofaffin littattafai suka cire shi daga masu ƙashin baya. Kada ka bi su. Binciken ƙwayoyin gado ya haɗa shi da lamprey a Cyclostomata, wato rukunin masu ƙashin baya marasa muƙamuƙi, wanda ke nuna kakanninsa sun rasa wasu siffofi ne daga baya.