Yadda ake kama ɗaki a jirgin ruwan shaƙatawa ta hannun ejan

Duk wanda ya zo mini da maganar yawon shaƙatawa a jirgin ruwa, tambayar farko da yake yi ita ce: in bi ta hannun ejan ko in shiga intanet in kama ɗakina da kaina? Amsata ba ta canzawa. Idan wannan ne karonka na farko, kuma fasfon Najeriya ko na Nijar ne a aljihunka, ka bi ta ejan. Amma ba kowane ejan ba, kuma akwai abu biyu da ba a sakar wa ejan komai amanarsa: lambar ɗakinka da bizarka. Ga yadda nake tsara abin.

Mataki na 1: Ka san inda za ka kafin ka taka ofishin kowa

Wanda ya shiga ofishin ejan yana cewa "ni dai ina son hawa jirgin ruwa" abin da ya yi kwantai za a sayar masa. Hanyoyin da mutanenmu suka fi bi huɗu ne. Akwai na Tekun Bahar Rum, inda jirage ke tashi daga Barsalona ko Jenowa ko tashar Civitavecchia da ke kusa da birnin Rum, kuma kasuwarsu ta fi ci daga Afrilu zuwa Oktoba. Akwai na Dubai, mai zagaya Abu Dhabi da Doha da Bahrain a lokacin sanyi. Akwai na Afirka ta Kudu, inda jiragen kamfanin MSC ke tashi daga Durban zuwa gaɓar Mozambik daga wajen Nuwamba zuwa Afrilu. Sai na Jidda: jirgin AROYA na Saudiyya ya fara aiki a Disambar 2024, kuma babu giya babu gidan caca a cikinsa, abincin duk halal ne. Mai tafiya da iyali, ko mai son raka iyayensa, da wannan zan ce ya fara.

Kwana 3 ko 4 sun isa gwaji. Kar ka fara da kwana 14 alhali ba ka san yadda cikinka yake da igiyar ruwa ba.

Mataki na 2: Tantance ejan

A nan mutane ke yin kuskuren farko. Ejan ɗin da ya saba yi maka Umara ko tikitin Dubai, ko da shekara 10 kuka yi tare, ba lallai ya san harkar jirgin ruwa ba. Sana'a ce daban. Zai karɓi aikin saboda ba ya son ya ce maka bai iya ba, sannan ya miƙa wa wani ejan a Legas, shi ma ya miƙa wa wani a Dubai. Kowa ya ɗora ribarsa, ranar da matsala ta taso kuma ba ka san wuyan wa za ka kama ba.

Ka nemi ganin rajistar CAC, hukumar rajistar kamfanoni ta Najeriya, ka tambaya ko yana cikin NANTA, ƙungiyar ejan-ejan tafiye-tafiye ta Najeriya, ko yana da lasisin IATA, ƙungiyar kamfanonin jiragen sama ta duniya. Waɗannan suna nuna kamfani ne na gaske, amma ba sa nuna ya san jirgin ruwa. Abin da ke nunawa shi ne tambaya uku da nake yi wa kowa: da wane kamfanin jirgi kake da hulɗa kai tsaye? Ka taɓa hawa da kanka? Kuɗin hidimar ma'aikata, wato tukuicin ma'aikatan jirgi, yana cikin farashin nan ko sai na shiga jirgi? Idan ya tsaya yana sosa ƙeya a ta ukun, ka yi masa godiya ka fita.

Ka kuma san yadda yake cin abinci. Kamfanin jirgin ne ke biyan ejan kamasho, yawanci daga kashi 10 cikin 100 na kuɗin ɗaki zuwa sama. Saboda haka farashinsa bai kamata ya yi wa na shafin kamfanin nisa ba. Wani lokacin ma nasa ya fi sauƙi, don manyan ejan-ejan suna kama ɗakuna da yawa a dunƙule, ko su ba ka 'yan daloli na kashewa a cikin jirgi. Wannan shi ne daɗin ejan. Rashin daɗinsa kuma daga wuri ɗaya yake fitowa: mai cin kamasho zai fi son tura ka inda kamashon ya fi tsoka. Ba laifi ba ne, dillanci ne, kai dai ka shiga da idonka a buɗe. Idan zai caje ka kuɗin aikinsa daban, ya faɗa tun farko, ya rubuta.

Mataki na 3: Farashi a rubuce, dalla-dalla

Kuɗin da kake gani a talla na mutum ɗaya ne, bisa sharaɗin ku biyu ne a ɗaki. In kai kaɗai ne, za ka biya kusan ninki biyu. Ka sa ejan ya rubuta maka kuɗin ɗaki, harajin tashoshi, kuɗin hidimar ma'aikata, da abin da ba ya ciki. Kuɗin hidimar nan kullum ake lissafa shi a kan kowane kai, Dala ko Yuro goma sha wani abu, don haka iyali mai mutum 5 a kwana 7 ba ƙaramin kuɗi ba ne. Abinci a babban ɗakin cin abinci yana ciki. Lemon kwalba, intanet, da yawon gari idan jirgi ya tsaya, galibi ba sa ciki. In ya kawo maka tsarin abin sha mai haɗe da giya, ka ce a ba ka na lemo da ruwa, ko ka bar shi gaba ɗaya.

Maganar ɗaki kuwa, ni ba na kama ɗakin da kamfani zai zaɓa mini daga baya, ko da ya fi araha. Cinikin biri a sama ne. Kana iya tsintar kanka ƙarƙashin wurin kiɗa, ko can goshin jirgi inda girgiza ta fi yawa. Ɗaki a tsakiyar jirgi, a hawa na ƙasa-ƙasa, shi ne na mai saurin jin juwa. Ɗaki mai baranda yana da daɗi, amma wanda ba shi da taga ya fi sauƙi nesa ba kusa ba, kuma barci kawai za ka yi a ciki.

Mataki na 4: Biza, inda ake zubar da hawaye

A nan zan daɗe, don a nan na ga an yi asarar da har yau take ci mini rai.

Wani abokin kasuwancina ya shirya tafiya da uwargidansa, kwana 7 daga Barsalona. Ejan ya yi masa komai, bizar Shengen, wato biza ɗaya da ke shigar da mutum rukunin ƙasashen Turai da dama, ta fito, aka yi murna. Ba wanda ya tsaya ya karanta abin da aka buga a jikin bizar. Shiga ɗaya aka ba su. Jirgin kuwa a cikin tashoshinsa akwai Tunisiya. Suna isa teburin tantance fasinjoji aka duba fasfo aka ce ba za su hau ba. Ya ce shi ba zai ma sauka a Tunisiya ba, zai zauna a ɗakinsa. Aka ce ba a nan take ba. Da zarar jirgi ya tsaya a ƙasar da ba ta cikin Shengen, an ɗauka ka fita, dawowarsa Italiya ko Sifaniya kuma sabuwar shiga ce, kai kuwa ka riga ka cinye taka tun ranar da ka sauka a filin jirgin sama. Suna tsaye da akwatuna jirgi ya tashi. Kamfanin bai mayar da ko sisi ba, domin a ƙa'idarsa takardun tafiya alhakin fasinja ne. Ejan kuma ya ce ai shi ya nemo biza, biza kuma ta fito.

To ga abin da za ka yi. Ka karɓi jerin tashoshin da jirgin zai tsaya, ka ɗauki biro, ka rubuta sunan ƙasar kowace tasha a gefenta. Sifaniya, Faransa, Italiya, Malta, Girka, da Kuroshiya tun 2023, duk Shengen ne. Turkiyya, Tunisiya, Maroko, Montenegro, Ingila ba sa ciki. Idan ko ɗaya daga cikin irin waɗannan ta faɗo a tsakiyar tafiyar, bizar shiga da yawa kake buƙata, sannan ka tambaya a rubuce ko ita kanta ƙasar tana son tata bizar daga mai irin fasfonka. Amsar ta fito daga kamfanin jirgin, ejan ya turo maka ita ka gani da idonka. "Ba matsala, Alhaji" ba amsa ba ce.

Mafi sauƙi ga sabon shiga shi ne ya zaɓi tafiyar da duk tashoshinta suna cikin Shengen. Shi ke nan ka huta.

Ana neman bizar a ofishin jakadancin ƙasar da za ka fi daɗewa a cikinta, in kuma kwanakin sun zo ɗaya, ƙasar da za ka fara shiga. Kuɗinta Yuro 90 ne ga babba tun Yunin 2024, ban da na cibiyar karɓar takardu, kuma dole ka haɗa da inshorar lafiya ta aƙalla Yuro 30,000. An yarda ka nema tun saura wata 6, kuma ina ba ka shawara ka yi hakan, saboda samun ranar ganawa kaɗai yana iya cin makonni. Cikin takardun ka saka jerin tashoshin da wasiƙa mai bayyana dalilin da ya sa kake son shiga fiye da ɗaya. Ranar da fasfo ya dawo, kafin ka yi wa kowa albishir, ka buɗe ka duba gurbin adadin shiga: 1 aka rubuta, ko 2, ko MULT, wato shiga da yawa.

Wannan lissafin bai tsaya a Turai ba. Jirgin Dubai da ya leƙa Doha ya dawo, ka fita daga Daular Larabawa ka sake shiga ke nan. Na Jidda da zai je Sharm el-Sheikh a Masar ko Aƙaba a Jodan haka yake, don haka kar ka ɗauka bizar Umara za ta ɗauke ka. Na Durban ma haka, kuma a can za a nemi katin rigakafin shawara. Fasfo kuwa ya zama da sauran wata 6 a kansa bayan ranar dawowa.

Mataki na 5: Biyan kuɗi da lambar ɗaki

Za ka ba da kafin alƙalami, sauran kuma a cika saura wata 2 zuwa 4 a tashi, gwargwadon kamfani. Daga ranar cikon nan tarar fasa tafiya take fara hauhawa, har ta kai in ka fasa a kwanakin ƙarshe ba ka da komai. Ka ga dalilin da ya sa nake son biza ta fito kafin wannan ranar. Ka tambayi ejan ƙarara: in an hana ni biza, nawa zai dawo? Ya rubuta.

Kuɗi a asusun kamfanin ejan ake sa shi, ba a asusun yaron ofis ba. Kana biya, ka nemi lambar shaidar kama ɗaki da kamfanin jirgin ya bayar, ba rasit ɗin ejan kaɗai ba. Ka shiga shafin kamfanin ko manhajarsa da wannan lambar, ka ga sunanka yadda yake a fasfo, harafi da harafi, ka ga lambar ɗakin. Bayan cikon kuɗi ka sake shiga ka tabbatar ba a bin ka bashi. Na san wanda ya biya ejan cif, ejan ya juya kuɗin a wata harka yana jiran ya mayar, ranar ciko ta wuce, kamfani ya soke ɗakin.

Abu ɗaya da zai ba ka haushi: tunda ta hannun ejan ka shiga, kamfanin jirgin ba zai canza maka ɗaki ko rana ba in ka kira su, za su ce ka koma wurin ejan ɗinka. In ejan ɗin mai kashe waya ne ranar Juma'a da yamma sai Litinin, ka shiga uku. Ka karɓi lambar da ake samunsa da dare. Wata dabara kuma, wasu kamfanonin suna barin ka kama ɗakin da kanka a intanet, sannan ka mayar da shi hannun ejan cikin 'yan makonnin farko. Ka zaɓi abin da kake so, shi kuma ya ci kamashonsa ya yi maka hidima.

Mataki na 6: Sauran ƙananan abubuwa

Abincin halal tun da wuri ake nemansa, ejan ya shigar da buƙatar makonni kafin tafiya, in ba haka ba kifi da ganye za ka yi ta ci. Mai juna biyu da cikinta zai kai mako 24 yawancin kamfanoni ba sa ɗaukarta, haka jaririn da bai kai wata 6 ba. Ka tanadi katin Dala, ko tsabar kuɗi da za ka ajiye a teburin karɓar baƙi, don a cikin jirgi da katin ɗaki ake sayen komai, kuma katin Naira ba abin dogaro ba ne a can.

Jirgin sama: ka sauka garin da jirgin ruwan zai tashi kwana ɗaya kafin ranar tashi. Kuɗin otal na dare guda ne, kar ka yi jayayya. Ka cika rajistar shiga ta intanet, ka buga takardun da ake liƙa wa akwati. Magani da fasfo a jakar hannu. Ka halarci atisayen ceto, dole ne. Ka kashe datar wayarka da zarar an bar gaɓa. Alƙibla tana juyawa da jirgi, ka riƙa dubawa kafin kowace salla. In kun sauka yawon gari, agogon jirgi za ka bi, ba na garin ba, kuma ka dawo da sauran awa guda, don in ba da motar kamfanin ka fita ba, ba wanda zai jira ka.