Yadda na gyara matsalar rashin zuwa taro a ƙungiyarmu

Ni ne sakataren wata ƙaramar ƙungiyar teloli a Tudun Wadan Kaduna, kusa da Kasuwar Barci. Bara taronmu ya mutu murus: kujeru a jere, mutane ƙalilan, kuɗin wata kuma sai an bi mutum har shago.

Da farko a wurin taro nake tambaya ko akwai mai ƙorafi. Amsa ɗaya ce: "Babu komai, Allah ya saka da alheri." Ashe kunya ce. Wane yaro zai soki shugabanni a gaban maigidansa da ya koya masa ɗinki?

Sai na samo kwalin taliya, na huda samansa, na ajiye a shagon ma'aji. Tambaya biyu kawai: me ya hana ka zuwa, me kake so a canza? Ba a sa suna, a rubuta da boko ko ajami. Wanda rubutu ke ba wuya ya turo min murya ta WhatsApp.

Abin da ya fito ya ba ni kunya. Taron Asabar yana cin lokacin ɗinkin biki, 'yan Rigasa kuma dare ke yi musu a hanya. Mafi zafi, wani ya rubuta: "Ina kuɗinmu ke tafiya?"

Muka mayar da taro Lahadi bayan La'asar, muka fara ba da rasit, ma'aji yana karanta lissafi a fili. Rancen sayen keken ɗinki da wasu suka nema, na gaya musu gaskiya asusu bai kai ba tukuna. Watan jiya sai da muka aro benci a maƙwabta.