Kafin ka biya kuɗin Imperial ta 1956 mai garmaho a ciki

Motocin Chrysler samfurin 1956 sun fito da wani zaɓi da ba a saba gani ba: garmaho mai suna Highway Hi-Fi, kan ƙarin kusan dala 200. Peter Goldmark na kamfanin CBS ne ya ƙera shi, wanda ya jagoranci fito da dogon faifan LP a 1948. Ƙaramin akwati ne manne a ƙarƙashin dashbod. Ka buɗe, ka jawo shi waje, ka ɗora faifai, sauti ya fito ta rediyon motar. Bai karɓu ba, kafin 1960 an daina shi. Shi ya sa yau in Imperial, motar alfarma ta kamfanin Chrysler, ta wannan shekara ta fito kasuwa a Amurka da akwatin nan, mai ita yakan tsawwala farashi. Sana'ata gyaran tsofaffin rediyoyi da garmaho, kuma akan kira ni in duba irin wannan mota kafin a yi ciniki. Ga yadda nake bi.

Ba na fara taɓa garmahon. Lambar jikin motar nake fara kwafewa, tana kan ɗan ƙarfe a ginshiƙin ƙofar direba, sai in gwada ta da wadda ke takardar mallaka. Daga nan in leƙa lambar injin, wadda a Imperial ta 1956 ke farawa da CE56. Injin Hemi ne mai silinda 8, girmansa cubic inch 354. Idan lambar ta fara da wasu haruffa, an taɓa canza inji, kuma wannan kaɗai ya isa a sake zaman ciniki.

Abin da ya fi komai nauyi a wurina shi ne katin ƙira. Kowace mota da ta bar masana'anta a zamanin tana da katin IBM mai huje-huje da ke nuna launinta, kayan kujerunta da abubuwan da aka ƙara mata. Sashen adana tarihi na Chrysler, wanda yanzu ke ƙarƙashin Stellantis, yana riƙe da bayanan motocin 1930 zuwa 1967, kuma mai mota na iya neman kwafi idan ya nuna shaidar mallaka. Ka ce wa mai sayarwa ya nemo, ko ya nuna maka takardar cinikin farko. Dalili kuwa, garmahon nan an saka shi a sauran motocin kamfanin Chrysler, wato Plymouth da Dodge da DeSoto ma, ba Imperial kaɗai ba. Ba wuya mutum ya sayo wanda aka ciro daga wata ruɓaɓɓiyar Plymouth, ya ɗaure a Imperial ɗinsa, ya ce da shi ta zo. Ba na ƙin irin wannan motar, tana da kyanta. Abin da nake ƙi shi ne a karɓi kuɗin na asali a kanta.

In babu takarda, sai ka kwanta rigingine a gaban kujera da tocila. Dubi ramukan da aka ɗaure akwatin: tsohon rami bakinsa ya yi duhu kamar sauran ƙarfen, sabo kuwa yana ƙyalli, wani lokaci har da ɓarɓashin huji a kan kafet. Bi wayar daga akwatin zuwa rediyo. In ka tarar da sabuwar waya mai sheƙi an yanka an haɗa an naɗe da tef, hannun wani ya shiga kwanan nan.

Sai gwaji, kuma a nan ake yin ɓarna. Faifansa inci 7 ne, girman faifan gida mai juyawa sau 45 a minti, amma yana juyawa sau 16⅔ ne kacal a minti, layukansa a matse ƙwarai, har gefe ɗaya ya yi wajen minti 45 ko fiye. Allurarsa ma ta fi ta gida siranta nesa ba kusa ba. Kada ka yarda a ɗora masa faifan gida don a nuna maka yana aiki, kada kuma a ɗora faifansa a garmahon gida, domin allura mai kauri za ta kankare shi. Kamfanin Columbia kaɗai ya buga waɗannan faya-fayan, guda 6 suke zuwa tare da na'urar, kuma samunsu yau aiki ne. Ka tambaya ko suna cikin ciniki, ka sa a rubuta.

Idan faifai yana juyawa amma muryar tana ja da baya tana rawa, robar da ke tura shi ce ta bushe, gyaran kuma mai sauƙi ne. Idan yana juyawa daidai amma shiru, ko sauti can ƙasa-ƙasa, yawanci kan allurar ne ya mutu, shi kuwa sai an sha nema. Ka rage wannan daga farashi ba tare da jin nauyi ba.

Kada son garmaho ya mantar da kai motar. Ɗaga kafet da shimfiɗar but ka nemi tsatsa, musamman in ta zauna a Michigan ko Ohio inda ake zuba gishiri a titi lokacin ƙanƙara. Danna maɓallan giya ɗaya bayan ɗaya, ka ji kowanne yana shiga ba gardama. Fitilun bayan nan masu tsayawa a saman fenda, ka tabbatar ba a fashe suke ba.

Daga ƙarshe ka nemi a fita da kai titi, faifai na juyawa. An ƙera hannun allurar ne don ya jure girgiza, kuma Imperial mota ce mai nauyi da taushin tafiya, saboda haka a kan kwalta mai kyau bai kamata ta yi tsalle ba. In ta yi, a koma gida a sake duba robobin da akwatin ke zaune a kansu kafin a yi maganar kuɗi.