Kurakuran da kamfanoni ke tafkawa wajen lissafin hayaƙin da suke fitarwa

Jama'a maganar rahoton hayaƙi mai ɗumama duniya fa ta wuce zancen Turawa, ta iso ƙofar masana'antunmu. Najeriya ta yi dokar sauyin yanayi a 2021, hukumar ISSB mai tsara ƙa'idojin irin wannan rahoto a duniya ta fitar da ƙa'idar IFRS S2 kan yadda kamfanoni za su ba da rahoton sauyin yanayi a watan Yunin 2023 kuma Najeriya na cikin waɗanda suka fara cewa za su bi, ga Tarayyar Turai tun Oktoban 2023 tana neman lissafin hayaƙin siminti da ƙarfe da takin zamani da ake shigar mata. To duk mai ma'aikata a Sharaɗa ko Bompai ko Challawa da ke sayar wa ƙasashen waje kaya, wata rana sai an tambaye shi tan nawa ya fitar. Abin da ke damuna shi ne yawancin rahotannin kuskurensu iri ɗaya ne, kuma ana iya gyarawa ba tare da an kashe wani kuɗin kirki ba.

Na farko kuma mafi muni, lissafi da naira maimakon lita. Akanta ya buɗe littafinsa ya ce bara mun kashe kaza a mai, sai a ɗauki kuɗin a juya shi hayaƙi. Tunda aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 farashi ya ninka har ya fi, to motocin kamfani suna shan lita daidai da ta bara amma takarda ta nuna hayaƙi ya haura sama, alhali babu abin da ya ƙaru sai tsada. Gyaran shi ne a koma kan lita. Lita ɗaya ta man gas tana fitar da kusan kilo 2.68 na CO2, wato babbar iskar da ke ɗumama duniya, ta fetur kusan 2.3. Misali janareto da ke shan lita 500 kullum har kwana 300, lita 150,000 ke nan, wajen tan 400. Kuma a kula, man da tanka ta juye a tankin ƙasa ranar 28 ga Disamba ba a ƙona shi a wannan shekarar ba, sai a auna abin da ke cikin tanki a farkon shekara da ƙarshenta, a haɗa da takardun saye, sannan a san ainihin abin da inji ya sha. Mai kula da janareto ya riƙa rubutawa kullum ko da a littafin makaranta ne, wallahi wannan littafin da mai ya ɓata shafukansa ya fi kowace manhaja amfani ranar da mai bincike ya zo.

Sai rikita rukunai. Tsarin GHG Protocol, wato ƙa'idar lissafin hayaƙin kamfanoni da aka fara fitarwa a 2001, ya kasa hayaƙi gida uku: na ɗaya abin da ka ƙona da kanka, na biyu wutar da ka saya, na uku sauran abin da harkarka ta jawo a hannun wasu. Mutane da yawa suna jefa janareto a rukuni na biyu wai ai wuta ce. A'a, injinka ne, man ka ne, a harabarka hayaƙin ya tashi, rukuni na ɗaya ne. Wutar Nepa ce ta biyu, ita ma kilowat ɗin da mita ta nuna ake ɗauka ba kuɗin bil ba, balle bil ɗin ƙiyasi. Kada kuma a kwaso ma'aunin wutar Ingila, wato yawan hayaƙin da kowane kilowat ke jawowa, daga intanet a liƙa, wutar Najeriya yawancinta daga iskar gas take sai madatsun Kainji da Jebba da Shiroro, ma'auninta daban ne, a nemo na ƙasar a rubuta inda aka samo shi da shekararsa.

Akwai wanda kusan kowa ke mantawa, gas ɗin esi da na ɗakin sanyi. Mai gyara ya zo ya ce gas ya tsiyaye, ya cika, an biya shi ya tafi, babu wanda ya rubuta kilo nawa. Alhali kilo ɗaya na gas ɗin esi mai suna R-410A idan ya tsere sama daidai yake da kusan tan 2 na CO2. A ce masa malam don Allah rubuta mana irin gas ɗin da nauyinsa a rasit, shi ke nan. Haka masu jima da masu sarrafa abinci, ruwan dattin da ke kwance a rami yana ruɓa yana fitar da iskar metan, wadda a shekara 100 ta fi CO2 riƙe zafi kusan sau 28.

Rukuni na uku kam ya kasu gida 15 ne, ba wanda ya ce ka gama su a shekarar farko, amma rubuta sifili kuskure ne. Tirelar haya da ta ɗauko maka kaya daga Apapa zuwa Kano ba taka ba ce amma don kai ta yi tafiyar. Fara da manya, sufuri da ɗanyen kaya, sauran ka faɗa ƙarara cewa ba a lissafa su ba tukuna da dalili.

Wani abin da ke ɓata min rai shi ne a dasa itatuwa a ɗauki hoto sannan a ɗebe daga jimla a ce an rage hayaƙi. Dashen itace alheri ne babba musamman a arewa da hamada ke matsowa, amma ana rubuta jimlar hayaƙi yadda take, dashe ko takardar kabon da aka saya, wato shaidar an biya an rage hayaƙi a wani wuri, a ajiye su a layinsu daban. Haka idan kamfani ya sayar da reshe ɗaya ko ya sayi wani, dole a sake lissafin shekarar da ake gwadawa da ita, in ba haka ba sai a ce an rage kashi kaza alhali injinan suna can suna aiki a hannun sabon mai su. Kafin a sa hannu kuma a duba ko kilo aka rubuta ko tan, a Excel sifili uku ba wuyar ɓacewa gare su ba.